Mai ba ka shawarar kuɗi, wa ke biyansa la'ada?

Duk wanda ya taɓa shiga kara ana jibi Sallah ya san yadda ake sauraron dillali. Zai kama ƙahon ragon, ya buɗe maka bakinsa ka ga haƙora, ya daki gadon bayansa, ya rantse tun safe ba a shigo da irinsa ba. Kai kuma kana ji kana murmushi, don ka san in ciniki ya faɗa la'adarsa ta fito, in ka juya ka tafi ya yi wahalar banza. Ba ka ɗauke shi maƙaryaci ba, sau da yawa ma gaskiya yake faɗa. Kana dai auna maganarsa da sanin inda abincinsa yake. Shi ya sa kake sa hannu ka taɓa cinyar ragon da kanka, ka zagaya ka taya wani, sannan ka dawo.

To wannan mutumin da ba a iya yi wa wayo a kan rago, shi ne zai koma gida da daddare ya buɗe waya, wani yaro a TikTok ya nuna masa inda zai zuba kuɗi su ninka, ya kuma zuba. Bai tambayi la'ada ba, bai taɓa cinya ba. Rago guda ya sha binciken da gratutin shekara 35 bai samu ba.

Kafin a ce kwaɗayi ne, a dubi halin da mai ɗan abin hannu yake ciki. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Wato wanda ya ajiye naira miliyan 1 a ƙarshen 2023 bai taɓa ta ba, bayan shekara abin da za ta saya masa bai wuce na dubu 742 a tsohon farashi ba. Dala da take wajen naira 460 a hukumance kafin Yunin 2023, ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Mutum yana kallon guminsa yana narkewa kamar ƙanƙara a tafin hannu, dole ya nemi wanda zai ce masa ga mafita. Neman shawarar ba laifi ba ne. Matsalar ita ce masu amsa masa sun fi ƙudan damina yawa, kuma kusan kowannensu dillali ne da bai ce shi dillali ba ne.

Mu fara da masu riga da takalmi, waɗanda ba wanda zai kira su 'yan damfara. Ma'aikaciyar banki da ta kira ka ta ce, "Alhaji, akwai wani sabon tsarin ajiya da zai dace da kai," akwai adadin kuɗin da aka ɗora mata ta shigo da shi kafin ƙarshen wata. Wakilin inshora kamasho yake ci a kan kowace takarda da aka sa wa hannu. Dillalin hannun jari yana samun nasa ne duk lokacin da ka saya ko ka sayar, ko ka ci riba ko ka faɗi. Wannan duk sana'a ce, halattacciya a idon doka, kuma abin da suke sayarwa yana iya zama mai kyau. Sai dai ba za ka taɓa jin ma'aikaciyar wani banki ta ce maka na bankin da ke tsallaken titi ya fi nasu ba. Ka karɓi bayaninsu a matsayin bayanin mai kaya: ya san kayansa ciki da waje, amma ba shi zai yanke maka hukunci ba.

Na intanet sun fi wuyar ganewa, domin su a rigar malanta suke zuwa. Saurayi zai yi wata guda yana koyar da cinikin kuɗaɗen waje kyauta, da zane-zane ja da kore, har ka ce wannan don Allah yake yi. A ƙarshe sai ya ce ka buɗe asusu ta lambar gayyatarsa. Nan la'adar take. Kamfanoni da yawa suna biyan mai kawo mutane gwargwadon yawan waɗanda suka zuba kuɗi ko yawan cinikin da suka yi, ba gwargwadon ribar da suka ci ba. A 2018 hukumar da ke sa ido kan kasuwannin hannun jari a Tarayyar Turai ta bayyana cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na ƙananan masu irin wannan cinikin na hasashen farashi asara suke yi, har ta tilasta wa kamfanonin rubuta gargaɗin a jikin tallarsu. Ban taɓa ganin mai koyarwa ya fara darasi da wannan adadin ba.

A Amurka ɓoye la'ada laifi ne da ake cin tara a kansa. A Oktoban 2022 hukumar hannun jari ta ƙasar ta sa tauraruwar talabijin Kim Kardashian biyan dala miliyan 1.26, saboda ta tallata wani kuɗin kirifto a Instagram ba ta faɗi cewa an ba ta dala dubu 250 a kai ba. A lura, hukumar ba ta tsaya tantance ko kuɗin na kirki ne ko na banza ba. Shirun da ta yi kan abin da aka biya ta shi ne laifin. Mu a nan fitaccen ɗan wasa ko mai barkwanci zai riƙe waya ya ce "ni ma a nan nake ajiye nawa," kuma kunya ba za ta bar kowa ya tambaye shi nawa aka ba shi ba.

Wannan duk mai sauƙi ne idan aka kwatanta da mutumin da ya fi kowa jefa jama'a cikin rami, wato mutumin kirki wanda aka biya.

Ina da wani maƙwabci tela, mutum ne da za ka ba shi ajiyar makullin gidanka ka yi tafiyar wata. Wata rana bayan Isha'i ya tare ni a ƙofar gida, ya ciro waya yana rawar jiki ya ce, "Malam, dubi nan." Alat ne, har guda uku. Ya zuba dubu 50 a wani kamfani da aka ce yana harkar noma da kiwo, kowane wata ana turo masa riba. Na ce ina gonar take. Ya ce a kudu. Na ce ka taɓa gani? Ya yi dariya ya ce, "Ni da nake ganin kuɗina, me zan yi da gona?" Kafin wata uku ya shigar da ƙanwarsa, da surukinsa, da matan adashin da matarsa ke riƙe wa kuɗi. Ko kwabo bai yi niyyar cutar kowa ba. Da manhajar ta daina buɗewa, ya fi wata yana zagayawa ta bayan layi don kada ya haɗu da mijin ƙanwar tasa.

Abin da bai gane ba, alat ɗin da yake nunawa shi ne tallar, kuma da kuɗin ƙanwarsa aka biya shi. Haka tsarin yake tun daga Charles Ponzi, ɗan Italiyan da ya yi wa mutanen Boston alkawarin ribar kashi 50 cikin kwana 45 a 1920: kuɗin na baya ake ɗiba a biya na gaba, na gaba kuma ya fita yana shaida. MMM ta Sergei Mavrodi, wadda ta riga ta rushe a Rasha tun 1994, da wannan ta mamaye Najeriya a 2016. Ta yi alkawarin kashi 30 a wata, da kashi 10 ga duk wanda ya kawo wani. A Disambar shekarar ta rufe asusun mutane, daga baya hukumar NDIC mai inshorar ajiyar banki ta ce 'yan Najeriya wajen miliyan 3 sun yi asarar kimanin naira biliyan 18. Shekara tara ba ta cika ba sai ga wata manhaja mai suna CBEX da alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30. Ta kife a Afrilun 2025, har fusatattun mutane suka wawashe ofishinta a Ibadan. A duka biyun, waɗanda suka fara shiga an biya su da gaske. Saboda haka "ni an biya ni" gaskiya ce, amma gaskiyar da ba ta tabbatar da komai.

Lissafi kaɗai ya isa ya kashe maganar, in an yarda an zauna an yi shi. Kashi 30 a wata, in ana mayar da ribar cikin uwar kuɗi, dubu 100 za ta zama sama da naira miliyan 2.3 a shekara guda. Ninki a kowane wata kuwa, dubu 100 ɗin nan za ta haura naira miliyan 409. Wanda yake da sana'ar da ke haifar da haka, me zai yi da dubu hamsin ɗin tela? Banki zai shiga ya ranci kuɗi, ko da ruwan ya kai kashi 30 a shekara, ya ci sauran shi kaɗai, bakinsa alaikum. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Tambayar da na yi wa maƙwabcina ita ce wadda ba sa so: daga ina ribar take fitowa? Me ake saye, me ake sayarwa, ga wa? Amsar da ta ƙunshi "na'ura mai ƙwaƙwalwa ce take cinikin" ko "sirrin kamfani ne" daidai take da babu amsa.

Sai batun takarda. Da zarar ka nuna shakka za a turo maka hoton satifiket mai tambarin gwamnati. Ka duba da kyau wace hukuma ce ta bayar. Galibi ta CAC ce, hukumar rajistar kamfanoni, wadda mai shagon gyaran waya ma yana da irinta. Abin da take nufi kawai shi ne akwai kamfani mai wannan suna. Ba ta ba kowa izinin karɓar kuɗin jama'a ya juya ba. Wasu kuma takardar SCUML suke nunawa, ta sashen EFCC mai yaƙi da halatta kuɗin haram, don sunan EFCC ya kwantar maka da hankali. Ita ma ba lasisin karɓar jari ba ce. Mai karɓar jari ko mai sana'ar ba da shawara kan zuba jari, rajistar SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, ake nema a wurinsa. Mai karɓar ajiya, lasisin Babban Banki. Inshora ta NAICOM ce, fansho na PenCom. Kowace daga cikinsu tana da jerin sunayen waɗanda ta yi wa rajista a shafinta, kuma can za ka je da ƙafarka ka duba, kada ka bi ta hanyar da mai tallar ya turo maka. Ka kuma duba rajistar ta wane aiki ce, ka daidaita sunan harafi da harafi, domin aron sunan kamfanin gaske a sauya harafi ɗaya tsohuwar dabara ce. Wata alama da ba ta buƙatar ilimi: in asusun da aka ce ka tura kuɗi sunan mutum ne a kansa, magana ta ƙare. Mutanen Nijar kuwa nasu masu sa idon su ne babban bankin BCEAO da hukumar kasuwar hannun jari ta ƙasashen sefa.

Dokar zuba jari da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Maris 2025 ta ambaci irin tsarin Ponzi ƙarara, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko duka biyun, ta kuma shigar da harkar kirifto ƙarƙashin SEC. Ɗaure mutum dai ba ya dawo da kuɗin adashi.

Kada kuma a ɗauka lasisi laya ce. Bernard Madoff ya taɓa shugabantar kasuwar hannun jari ta Nasdaq, yana da rajista, manyan bankuna da attajirai suna layi su ba shi kuɗi, sai a 2008 asiri ya tonu, aka yanke masa shekara 150. Amfanin lasisi shi ne akwai wanda za ka kai wa ƙara, akwai kuma abin da za a iya tsira da shi. Da Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, NDIC ta biya masu ajiya har zuwa naira miliyan 5 kowanne, domin wannan ne iyakar inshorar ajiya a bankunan kasuwanci, na ƙananan bankuna kuma miliyan 2. Masu sama da haka sai jiran a sayar da kadarori. An sha wahala, amma akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Maƙwabcina lambar waya kawai yake da ita, ita ma a kashe.

Akwai wata ƙofa da ake shigo mana ta ita wadda ta fi kowace laushi, ita ce ta addini. Yawancinmu ba ma son kuɗin ruwa, masu damfara kuma sun san haka sarai. Sai a ce maka wannan ba ruwa a ciki, mudaraba ce, kasuwanci ake yi a raba riba. A buɗe taro da addu'a, a ɗauki hoto da wani malami. Alhali fiƙihun da suke fakewa da shi shi ne yake tona su. A mudaraba, wadda malaman Malikiyya suke kira ƙiradi, rabon riba kaso ne na abin da aka samu, rabi ko sulusi ko yadda aka yi yarjejeniya. Ba a yanke wa mai jari wani adadi tabbatacce, ba a kuma lamunce masa uwar kuɗinsa. In an faɗi ba tare da sakaci ko ha'inci ba, mai dukiya ya yi asarar dukiyarsa, mai juyawa ya yi asarar wahalarsa. Don haka wanda ya ce maka mudaraba ce, kuma duk wata za ka karɓi dubu 20 a kan dubu 100, kuɗinka kuma ba abin da zai taɓa su, ya rushe sunan da ya kira da bakinsa.

A nan ina ganin muna ɗora wa malamai kayan da ba nasu ba. Malami zai gaya maka hukuncin ciniki bisa yadda aka siffanta masa shi. Bai ga littafin kuɗin kamfanin ba, bai je gonar ba, ba kuma aikinsa ba ne. "Halal ne?" tambaya ce, "akwai shi kuwa?" wata tambayar ce daban, kuma kowace da mai amsa ta. Wanda yake neman hanyar da ba ruwa, akwai waɗanda suka haɗa biyun. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, kowannensu da lasisin Babban Banki da kwamitin malamai masu duba harkokinsa. Ofishin kula da basussuka na ƙasa, DMO, ya fitar da Sukuk, wato takardar zuba jari da ba ruwa a ciki, na farko a Satumbar 2017, na naira biliyan 100, na shekara 7, da kuɗin haya kashi 16.47 a shekara, aka zuba kuɗin a gina hanyoyi. A shekara, ba a wata ba. Wannan adadin ma'auni ne mai kyau: abin da gwamnatin tarayya ke biya a kan takardunta shi ne kusan mafi ƙarancin haɗari a naira, duk wanda ya yi maka alkawarin ninkinsa sau goma sai ya yi bayanin abin da ya sani wanda gwamnati da bankuna ba su sani ba.

Na mainin, wato haƙar kuɗin kirifto, ba zan daɗe a kansa ba. Matasa sun shekara suna latsa waya a kan wani kirifto mai suna Pi, wasu suna rantsuwa kowane ɗaya zai fito a dala 314,159. Da aka buɗe kasuwarsa a Fabrairun 2025 ya taɓa wajen dala 3, daga baya ya sauko ƙasa da dala 1. Wanda data da lokaci kawai ya kashe, da sauƙi. Wanda ya sayar da babur ya saya a hannun wasu saboda maganar shugaban zauren WhatsApp, shi ya san yadda ya ji. Shugaban zauren kuwa yana riƙe da nasa tuli, kuma duk mai saye da ya ƙaru farashin abin da ke hannunsa yake ɗagawa.

To wane ne na kirkin? Alamar da na fi yarda da ita, yana fara tambayarka kafin ya fara gaya maka. Ana bin ka bashi? Mutum nawa ke ci a hannunka? Yaushe za ka buƙaci kuɗin nan, kuɗin makarantar watan Satumba ne ko na aurar da 'ya bayan shekara biyar? In rabinsu ya tafi, za ka iya barci? Likitan da ya rubuta magani kafin ka zauna ba likita ba ne, haka wanda yake ba bazawara mai marayu huɗu da saurayi mai albashi shawara iri ɗaya. Wannan ne ma ya sa yawancin bidiyon masanan Amurka, ko da gaskiya suke faɗa, ba su da amfani kai tsaye ga mai sayar da hatsi a Dawanau: suna magana ne da mutumin da hauhawar farashin ƙasarsa ba ta cika wuce kashi 3 ko 4 ba, mai kuɗin da ba ya zubewa rabi cikin shekara. Na kirki kuma yana faɗin yadda za a yi asara ba tare da an matsa masa ba, yana iya cewa "wannan ba fannina ba ne," kuma ba ya ce maka gobe za a rufe. Gaggawa da "kada ka gaya wa kowa tukuna" abokan tafiya ne, dukansu an yi su ne don kada ka samu zama da wanda zai yi maka tambayar da na yi wa tela.

Wani abu da ba mu saba da shi ba shi ne biyan kuɗin shawara. Mutum zai karɓi gado ko gratuti na miliyoyi, amma a ce ya cire 'yan dubbai ya ba akanta ko mai ba da shawara mai rajista ya zauna da shi awa biyu, sai ya ga asara ce, ga ta kyauta a waya. Alhali wanda ka biya daga aljihunka, wanda ba ya sayar da komai, shi kaɗai ne la'adarsa ba ta rataya a kan ka ce "na saya" ba. In hakan bai samu ba, a nemi tsohon ɗan kasuwa da ya taɓa karyewa ya tashi, ko ma'aikacin banki da ya yi ritaya ba ya neman komai a wurin kowa. A kai masa maganar a ji ta bakinsa, sannan a kai wa wani na biyu da bai san na farkon ba.

Mafi wuya dai shi ne ranar da mai tallar yayanka ne, ko aminin mahaifinka, ko uwar adashinku, ya zo har ɗaki ya zauna a kan tabarma yana so ka samu abin da yake ganin ya samu. Ba za ka ce masa an yaudare shi ba, zumunci ba zai ɗauka ba. Abin da na koya shi ne in ce, "Yaya, na gode da ka tuna da ni. Turo min cikakken sunan kamfanin da lambar rajistarsu ta SEC, da takardar yarjejeniyar, in nuna wa wani ya duba mana, mako mai zuwa sai mu yi magana." Sau biyu na faɗi haka a cikin dangi. Na farko ya ce zai tambayo shugaban zaurensu, har yau bai dawo da maganar ba. Na biyun ya turo min satifiket ɗin CAC.